Kwanakin da Inna Ta Yi Cikin Mabarata

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma ɓatan mahaifiyata a garin Haɗeja ba ya cikinsu. Wannan kam har in koma ga Allah ba zai bar raina ba. Shekaru sun shuɗe, yaran da nake goyo a lokacin sun girma, amma har yau in na bi ta gefen tasha na hangi mata zaune a gindin katanga, sai in ji kamar jiya abin ya faru.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Auyo, can cikin fadama, inda shinkafa da kifi su ne rayuwa. Ni aure ne ya kawo ni Haɗeja. Ina ɗinki a cikin gida, maigidana kuma malamin firamare ne. Inna, mahaifiyarmu, tana ƙauye a gidan yayana, wanda shi ne babba a ɗakinmu. Tun bayan rasuwar mahaifinmu tsufa ya fara taɓa mata tunani. Da farko mantuwa ce 'yar ƙarama, ta ajiye carbi ta yi ta nema. Daga baya abin ya kai ta dube ni ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Wani lokaci ta ce a zuba tuwon maigida, ga shi nan dawowa daga gona, alhali ya daɗe a ƙasa. Sai dai jikinta da ƙwari, kuma ƙafarta ba ta gajiya, don mace ce da ta ƙare ƙuruciyarta tsakanin gona da kasuwa.

A wata damina kogi ya cika ya haura gonaki ya shigo mana gari. Shinkafar da ta kusa nuna ta nutse, katangu suka riƙa zubewa, sai da kwalekwale aka fitar da mutane zuwa tudu. Yayana ya kai iyalinsa wata makaranta da aka tsugunar da jama'a, Inna kuwa ya ɗauko ta a babur ya kawo mini, ya ce a wurina za ta fi samun kulawa.

Inna ba ta taɓa yarda gidana gida ne ba. Kullum da safe za ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali ta zauna kusa da zaure, tana cewa a mayar da ita, tsuntsaye za su cinye mata shinkafa. In lallashe ta, in ce sai ruwa ya janye. Ta ce wane ruwa? Dole muka riƙa sa sakata a ƙofa dare da rana. Ba na jin daɗin kulle uwar da ta haife ni, amma ban ga wata dabara ba.

A kwanakin nan yayana kusan kullum sai ya biyo ya duba ta. Garin kuwa ya cika da masu bara, don ambaliyar ta tayar da mutane da yawa. Wata rana bayan la'asar suna zaune da maigidana a tsakar gida, sai wata mata ta yi sallama daga waje tana neman taimako. Maigidana ya tashi ya miƙa mata abin da ya samu ya dawo.

Yayana ya girgiza kai ya ce, "Malam, ku ne masu ɓata mutanen nan. Muddin ana ba su, ba za su daina ba. Ni da ruwa ya cinye gonata kaf, ka ga na miƙa wa wani hannu? Bara yanzu sana'a ce. Wasu cikinsu sun fi ni da kai abin hannu."

Maigidana ya ce, "Yaya, ni ban iya gane mai gaskiya da mai ƙarya a fuska ba. Gara mai ƙarya ya cuce ni da in hana mai jin yunwa."

"To shi ke nan, ka ci gaba da kiwonsu."

Ina kan keken ɗinki ina jin su. A ganina kowannensu yana da tasa gaskiyar. Ban san cewa nan gaba kaɗan wannan musu nasu zai shigo cikin gidanmu da ƙafarsa ba.

Wata safiya ɗan garuwa ya kawo ruwa ya fita, ƙofa ta tsaya a buɗe. Ni ina bayan gida ina yi wa ƙaramar 'yata wanka. Da na fito na tarar da tabarmar Inna ba kowa, ƙullin kayanta ma babu. Na leƙa ɗaki, na leƙa maƙwabta, na fita lungu ba ko takalmi ina kiranta. Shiru.

Kowa ya ji labari abu ɗaya yake faɗa: ta nufi gida. Gida kuwa yana bayan ruwa. Don haka duk ƙarfinmu sai ya tafi bakin kogi. Yayana ya tara masuntan garinmu suka riƙa bin ruwa da kwalekwale, suna leƙa cikin kaba da ciyawa, suna tambayar duk wanda suka gamu da shi. Maigidana ya kai cigiya gidan rediyo, aka yi sanarwa a masallatai, aka duba asibiti, aka gaya wa 'yan sanda. Ni kuwa aka bar ni a gida da waya a hannu.

Akwai ranar da aka kira yayana aka ce an tsamo gawar wata tsohuwa a wani gari da ke ƙasa da namu. Ya tafi ya duba. Da ya kira ni ya ce ba ita ba ce, na yi hamdala da ƙarfi, sai kuma kunya ta kama ni, don ita ma waccan uwar wasu ce, kuma ana can ana nemanta. Na zauna na yi kukan da ni kaina ban san na wace ce a cikinsu ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, limamin unguwarmu ya ba mu shawara mu yi sadaka, mu roƙi Allah ya bayyana ta. Na zaci yayana zai yi gardama, amma wahala ta riga ta karya shi. Ya ce ko me aka ce ya yi zai yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau babur ya bi wuraren da mabarata ke zama, ƙofar masallaci, bakin asibiti, gefen tasha. Da ya dawo ya ce mini, "Na bayar. Allah ya karɓa." Ko zama bai yi ba, ya sake komawa bakin ruwa.

Kwanaki suka ci gaba da tafiya. Masu zuwa jaje suka fara sauya harshe, haƙurin da suke ba mu ya fara kama da gaisuwar mutuwa. Masuntan ma suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya dame shi. Ni kaina na fara roƙon Allah ko gawarta ce ya nuna mana, mu samu mu yi mata sutura.

Sai wata rana da hantsi wani mutumin garinmu da ke sayar da banda a kasuwar kifi ya kira yayana. Ya ce ga wata gurguwa tana bin rumfa rumfa tana tambayar ko akwai ɗan ƙauyenmu, wai akwai wata tsohuwa a wurinta da ke yawan ambaton sunan garin. Muka fita mu uku, ni da yayana da maigidana. Ban san yadda muka isa kasuwar ba.

Muka same ta zaune a bakin rumfar, doguwar mace siririya, za ta girme ni nesa amma ba ta kai Inna ba, da sandar dogarawa a gefenta. Da ta buɗe baki na ji Hausarta da harshen Barebari. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ce, "Ku ne masu tsohuwa? Ku biyo ni, ba ta da lafiya."

Ta kai mu wani kango a bayan tasha, rabinsa babu rufi. Ko'ina kwalaye ne da buhuna da 'yan kwanuka, alamar mata da yawa ke kwana a wurin. A can lungu, inda ruwan sama ba ya kaiwa, na ga mutum kwance a tabarma an lulluɓe shi da tsohon mayafi. Na ɗaga mayafin. Inna ce. Jikinta zafi rau, leɓenta ya bushe, ta rame. Amma a wanke take tsaf, an yi mata sabon kitso, ƙafafunta da suka tsattsage an shafa musu man kaɗanya an naɗe da tsumma.

Na faɗa kanta ina kuka ina kiran Inna, Inna. Ta buɗe ido ta dube ni kamar yadda ake duban baƙo. Sai ta ɗaga kai ta nemi gurguwar nan da ido, ta ce, "Iya, su waye waɗannan?"

Matar ta ce, "'Ya'yanki ne, sun zo ɗaukar ki."

Inna ta kama bakin zanen matar ta riƙe gam.

Maigidana ya fita neman abin hawa, ya dawo ya ce ga shi nan zuwa. Muna jira ne matar ta ba mu labarin yadda ta tsince ta. Ta ce ranar da Inna ta ɓata da yamma hadari ya haɗu, ta ga tsohuwa tana bin motoci a tasha tana cewa a kai ta gida, ba ta da ko sisi, ba ta kuma iya faɗin inda za ta ba. 'Yan kamasho suna ta korar ta, har ta zame ta faɗi cikin taɓo. Ita ce ta ja jiki ta je ta ɗaga ta. Tana ɗaga ta Inna ta dube ta ta ce, "Iya, kin zo?" Ashe a ruɗewarta ta ɗauka mahaifiyarta ce, wadda ta rasu tun kafin a haife mu.

Maigidana ya yi ta yi mata godiya yana sa mata albarka. Can sai yayana ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ji cigiya ba? Duk garin nan babu inda ba a faɗa ba."

Ta ce, "Na ji."

Muka dube ta.

"Na ji a rediyon mai shayi, tun farko farko. Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗan nan. Tun da ta zauna a gefena abin da nake samu ya ƙaru. Mutane in sun ga tsohuwa mai furfura haka, hannunsu ya fi sakuwa. Da shi na riƙa saya mata koko da ƙosai, da shi ni ma na ci." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ni daga can bakin Tafkin Chadi na taso, lokacin tashin hankali. Da 'ya'yana muka fito, a hanya muka rabu, har yau ban san inda suke ba. Tun ranar babu wanda ya sake kira na Iya sai ita. Kullum in ce gobe zan nemi danginta, goben ta zo in kasa. Sai da zazzaɓin nan ya kama ta na ji tsoro kada ta mutu a hannuna."

Ban taɓa ganin yayana cikin irin fushin nan ba. Ya juya ga maigidana ya ce, "Ka ji ko, Malam? Ga mutanen da kake ba wa! Mu muna can muna tonon ruwa muna neman gawa, ita ta mai da uwata jari! Wallahi sai na kai ki wurin 'yan sanda."

Matar ba ta razana ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka kai ni, na yi laifi. Amma kai ma ai ka zo wurinta."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar Juma'a. Ka tsaya da babur a gindin katangar tasha inda muke zama, ko kashe shi ba ka yi ba. Ka ce mu yi muku addu'a Allah ya bayyana mahaifiyarku. Ka bi mu kana miƙa sadaka, fuskarka tana wajen titi. Wadda ke gefena cikin mayafin nan ita ce. A tafin hannunta ka sa. Muka ce amin, ita ma ta ce amin. Ni na gane ɗanta ne kai, don kamarku ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, bakin ya yi mini nauyi, kai kuma ka ja babur ka tafi."

Yayana ya nemi wani bulo ya zauna a kai. Ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Hannunta na taɓa?"

Ta ce, "Ka taɓa."

Mutumin da ko ranar da aka binne mahaifinmu ban ga hawayensa ba, ranar nan a cikin kango, gaban matan da yake cewa kada a ba su, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro.

Muka kai Inna asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, Allah ya sa ya sauka. Sai dai da muka dawo gida wata matsalar ta taso. Ta ƙi cin abinci. In na kawo ta kawar da kai, ta ce Iya ce za ta ba ta. Na dama kunu, na yi farfesun kifi irin wanda take so, duk a banza. Tana ta ramewa a gabana.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ina jin haushin matar nan ƙwarai. In na tuna kwanakin da na yi ina ganin uwata cikin ruwa duk sanda na rufe ido, alhali kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta raba mu da wannan azaba, sai in ji ba na son sake ganin ta. Amma in na tuna kitson nan da ƙafafun da aka naɗe, sai haushin ya rasa inda zai tsaya. A ƙarshe na yafa mayafi na tafi gindin katangar tasha. Tana ganina ta fara laluben sandarta, ta ce, "Ta ƙi ci ko?" Na ce ta ƙi.

Tana shiga tsakar gida fuskar Inna ta washe. Matar ta zauna a tabarma ta karɓi kofin koko tana ba ta a baki tana yi mata faɗa a hankali, kamar yadda uwa ke yi wa 'yarta, Inna tana sha tana ba ta labarin shinkafa. Yayana yana zaure yana kallo. Daga ranar bai sake ambaton 'yan sanda ba.

Haka ta riƙa zuwa kusan kullum da yamma in ta tashi daga wurin zamanta. Mun ce ta dawo gidanmu gaba ɗaya, ta ƙi, ta ce ba za ta bar 'yan'uwanta na kango ba. Da yayana ya girbe noman rani ya ɗan farfaɗo, ya saya mata gyaɗa da ƙuli-ƙuli da faranti, ya ce ta zauna a ƙofar gidanmu ta riƙa sayarwa, ta bar bara. Ta gode, ta kuma gwada na ɗan lokaci. Sannan wata rana muka ga ta koma gindin katangarta. Da na tambaye ta, ta ce, "'Yata, na daɗe a can. Jikina ya saba." Yayana da ya ji ya ce wa maigidana, "Ka gani ko, Malam?" Amma babu zafi a muryarsa. Maigidana ya ce, "Na gani, Yaya." Ban sake jin sun yi musu a kan maganar ba.

Inna ba ta koma ƙauye ba. Kafin wata damina ta zagayo Allah ya karɓi abarsa, da rana tsaka, a ɗakina, kanta a kan cinyar matar nan. Ranar sadakar uku gida ya cika da dangi, na duba ban gan ta ba. Ashe tana waje, ta zauna cikin mabaratan da suka taru a ƙofar gida suna jiran a fito da abinci. Yayana ne ya hango ta daga rumfar maza. Ya aiko aka kira ni zaure, ya ce, "Ki je ki shigo da ita, ta zauna cikin dangi. Ita ma gaisuwa za a yi mata." Na fita na kama hannunta na kai ta tsakiyar 'yan'uwan Inna. Wasu suka riƙa tambayata a ɓoye wace ce wannan. Na ce musu Iyar Inna ce.

Bayan wasu watanni na je gaishe ta ban same ta ba. Abokan zamanta suka ce ta ji labarin an ga mutanen garinsu a wani sansani can gabas, ta shiga mota ta tafi ko Allah zai sa ta dace. Ba ta yi mana sallama ba, kuma har yau ban sake jin ɗuriyarta ba. Ina yi mata addu'a duk sanda na yi wa Inna.

Yanzu in ana musu a gabana a kan ko ya dace a ba mai bara ko bai dace ba, ba na saurin shiga. Na ga sadaka ta sa an riƙe mana uwa muna nemanta, na kuma ga wannan sadakar ce ta ciyar da ita har muka same ta da rai. Ban isa in raba waɗannan biyun ba, kuma ba na zargin mai bayarwa ko mai hanawa. Abin da na koya shi ne akwai abin da ya fi hanawa ciwo, wato ka miƙa wa mutum hannu fuskarka tana wani wuri. Tun daga lokacin, wata rana ina bayarwa, wata rana ba ni da shi ko hankalina bai kwanta ba, sai in ba da haƙuri. Amma ko wanne zan yi, sai na tsaya, na yi sallama, na dubi fuskar mutum, in da hali in tambaye shi daga ina. Domin duk wanda ka gani zaune a gindin katanga akwai gidan da ya fito, kuma wataƙila a gidan nan har yanzu ana nemansa.